Mun Tsallake Giya, Mun Faɗa Sukari

Na san wannan rubutun zai ɓata wa wasu rai, musamman masu firji a bakin hostel da shugabannin ƙungiyoyinmu da ba sa iya haɗa taro sai da kiret. Ku yi haƙuri, sai na faɗa.

Ranar 17 ga Mayu, wato ranar hawan jini ta duniya, wasu ɗaliban likitanci suka kafa tebur a ƙarƙashin bishiya suna awon jini kyauta. Muna dawowa daga lakca a Yelwa ni da abokin ɗakina, ya ce mu tsaya ya gwada. Wallahi da wasa ya zauna, har yana tsokanar mai awon wai ta yi a hankali kar ta fasa masa hannu. Na'ura ta nuna 152 a sama, 96 a ƙasa. Ta ce ya huta minti biyar a sake. Aka sake, 149 da 95. Dariyar ta tsaya. Ta ce masa awo ɗaya ba ya yanke hukunci, amma ya je asibiti. Ya je, aka auna shi sau uku cikin mako biyu, likita ya tabbatar masa. Shekararsa 24. Ba ya shan taba, bai taɓa kusantar giya ba, sallar asuba ma shi yake tashina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da likitan ya yi masa bayan ya gama tambayar iyaye da barci da gishiri: me kake sha a rana? Abokina ya fara lissafi. Da safe shayi wajen mai shayi, sukari cokali huɗu, in mai shayin ya rage har faɗa suke yi. Da rana lemo babbar roba da burodi, shi ne abincin rana. Bayan la'asar in zafi ya yi yawa a ƙara ɗaya. Da dare in jarrabawa ta matso, lemon ƙara kuzari, wani lokaci biyu, don a yi TDB. Ruwa fa? Ya yi shiru. Leda ɗaya ko biyu, sai kuma na alwala.

Da yake ba ni labari ban yi masa dariya ba, don lissafina ne yake karantowa. Naka ne kai ma. Naki ne ke ma.

Mu 'yan Arewa a jami'a muna da wani alfahari, kuma alfahari ne mai kyau: ba ma shan giya. In an yi bikin kammala karatu, wasu suna can da kwalabensu, mu muna nan da namu masu launi. Matsalar ita ce tunda abin halal ne, sai muka daina tambayarsa komai. Mun ɗauka duk abin da ba zai kai mu wuta ba, ba zai kai mu asibiti ba. Lemo ya zama kuɗin girmamawa a tsakaninmu. Ka je zance, in ba a kawo maka lemo a faranti ba ka ce an raina ka. Ka je duba mara lafiya, malt za ka riƙa. Walimar sauka, lemo. Taron ƙungiyar ɗaliban jiha, lemo. Maraba da sababbin ɗalibai, lemo. Ka ci jarrabawa a wanke da lemo, ka faɗi a ba ka haƙuri da lemo. Wanda ya ajiye maka ruwa zalla kuwa sunansa marowaci.

Mu yi lissafin da babu mai son yi. Ɗauki robar baƙin lemon nan mai 50cl, juya bayanta ka karanta. Kowace 100ml tana da sukari kusan giram 10 da rabi. Roba guda ke nan ta haura giram 50. In ka mayar da shi sukarin kwali da muke jefawa a shayi, ƙwaya tara zuwa goma ne. Don Allah wa zai zauna a gabanka ya jefa ƙwaya goma a kofi ɗaya ba ka riƙe masa hannu ba? Amma da yake an narkar da shi, an sa masa gas, an sanyaya, sai mu kwankwaɗe cikin minti uku mu yi gyatsa mu ce alhamdu lillahi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a rana. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, wajen ƙaramin cokali 12. Ta kuma ce in an sauko zuwa rabin haka ya fi. To roba ɗaya ta cinye maka kason yini gaba ɗaya, ba a zo maganar shayi ba, ba a zo kunu ba, ba a zo fanke da cincin ba. In kana shan ɗaya kullum, a shekara ka sha sukari kusan kilo 19 daga lemo kawai. Mai shan biyu ya ninka da kansa.

Na san abin da za a rubuto a ƙasa: ai sukari ciwon suga yake kawowa, hawan jini kuma gishiri ne da tunani. Haka muka taso muna ji. In an ce wane yana da hawan jini, sai a ce 'ya'yansa ne suka sa masa, ko kishiya, ko bashi. Ni ma haka na ɗauka, sai da abin abokina ya sa na zauna na bincika.

Ga yadda abin yake, a taƙaice kuma da yaren da na fahimta. Sukarin da muke sha rabinsa gulukos ne, rabinsa furaktos. Shi furaktos hanta ce take ɗaukar nauyinsa. In ya zo mata da yawa lokaci guda, kamar yadda yake zuwa a cikin ruwa, wani ɓangare tana mayar da shi kitse, kuma aikin yana ƙara yawan yurik asid a jini. Masu bincike suna danganta wannan yurik asid ɗin da raguwar sinadarin da yake sa jijiyoyin jini su saki jiki su buɗe. Jijiya in ta ƙi buɗewa, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turi. Ka tuna tiyo in ka matse bakinsa. Ta wani ɓangaren kuma, yawan sukari yana sa insulin ya yi ta hawa, shi kuma insulin yana sa ƙoda ta riƙe gishiri maimakon ta fitar da shi a fitsari. Wato sukarin yana taya gishirin aiki. Sai babbar hanyar, wadda kowa yake gani da ido: ƙiba. Abin da ka sha ba ya ƙosar da kai kamar abin da ka tauna. Ka sha lemo, bayan awa ɗaya ka ci shinkafarka cikakkiya kamar ba a yi komai ba. A hankali teɓa ta fito, a ce yaro ya samu hutu. Nauyi in ya ƙaru, jini yana bin sa.

Ba zancen baka ba ne. A 2011 mujallar Hypertension ta buga sakamakon wani bincike mai suna INTERMAP da aka yi kan mutum kusan 2,700 a Amurka da Birtaniya. Sun ga duk ƙarin lemo ɗaya a rana yana tafiya da ƙarin kimanin 1.6 a lambar sama ta awon jini, 0.8 a ta ƙasa, kuma abin ya fi tsanani ga masu cin gishiri da yawa. Shekara guda kafin nan, mujallar Circulation ta buga wani da aka bi mutum 810 na tsawon wata 18 a Amurka: waɗanda suka rage lemo ɗaya a rana, lambar sama ta sauko musu da kimanin 1.8, ta ƙasa da 1.1.

Wani zai ce, kai malam, duk wannan surutun a kan 1.6? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan yi muku ƙarya ba don in ci muhawara. Lemo ba shi kaɗai ne ya sa wa abokina hawan jini ba. Mahaifinsa yana da shi. Taliyar 'yan yara da yake ci kusan kullum da dare cike take da gishiri. Barci kuma awa huɗu ne in an yi sa'a. Likitan ma bai ce lemo ne kaɗai ba. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, 1.6 ɗin na ɗaya ne, kuma ɗayansu ƙaramin gwangwani ne, bai kai robarmu ba. Waye a cikinmu yake tsayawa a ɗaya a watan Afrilu a Bauchi? Na biyu, a cikin jerin abubuwan nan, wanne ne a hannunka? Ba ka zaɓi mahaifinka ba. Ba kai kake tsara jadawalin jarrabawa ba. Amma hannunka ne yake buɗe firjin.

Sai lemon ƙara kuzari, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Shi ya haɗa biyu, ga sukari ga kafeyin. Kafeyin yana ɗaga jini da bugun zuciya nan take, na wasu awowi. Ka je kowane ajin karatu da ƙarfe biyun dare a makon jarrabawa, a Yelwa ko Gubi ko Gwallameji, ka ƙirga robobin da ke ƙarƙashin benci. Yaro bai yi barci ba, bai ci abincin kirki ba, yana cikin fargabar kwas ɗin da yake bin sa tun bara, ya ɗora roba biyu a kai. Da safe ya ce maka zuciyarsa tana bugawa, hannunsa yana rawa, ku ce tsoron malamin ne. Har wasu sun mayar da shi abin burga, wai wane ya sha uku jiya. Kuma ku faɗi gaskiya, karatun yana zama? Ni dai duk TDB ɗin da na yi da shi, idona ne a buɗe, kaina a rufe.

Abin da ya sa hawan jini ya fi sauran cututtuka wayo shi ne ba ya sallama. Zazzaɓi zai kwantar da kai, gyambon ciki zai hana ka barci, shi kuwa zai iya shekara goma a jikinka kana buga ƙwallo kana dariya. Abokina ko ciwon kai ba ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. A Najeriya kuma ana maganar kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku. Yana nan yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yana kumbura zuciya, yana lalata ƙoda a ɓoye, sai ranar da mutum zai faɗi a banɗaki a ce aljanu ne suka buge shi. Baffana haka ya faɗi yana da shekara 51, ɓarin jikinsa na dama bai sake tashi ba. Mutumin da yake riƙe da gida uku. Duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Koyarwa na ATBU ya ga layin masu shanyewar ɓarin jiki da masu wankin ƙoda ya san ba tsofaffi kaɗai ne a wurin ba. Abin da ake girba a 45, a 22 ake shuka shi, a irin ɗakunan da muke ciki yanzu.

Za a ce rai a hannun Allah yake. Haka ne, babu mai ja. Amma ban taɓa ganin mai faɗin haka ya tsallaka titin Jos ido rufe ba. Za a ce kakana ya sha sukari har ya kai 90. Kakanka da ƙafa yake zuwa gona, furarsa ba ta san sukari ba, lemon kwalba kuma sai da sallah ko in baƙo ya zo daga birni, kwalba ɗaya a raba wa yara uku. Kai kuwa daga gado sai Keke Napep, daga keke sai benci, daga benci sai waya. Kada ka ari jinin kakanka ka bar masa wahalarsa.

Hujjar da nake girmamawa ita ce ta aljihu. Akwai ɗalibin da lemo da burodi ne abin da kuɗinsa zai iya saya tsakanin lakca da lakca, kuma yana ba shi ƙarfin kaiwa yamma. Ba zan zage shi ba, na yi wannan rayuwar. Amma mu buga lissafi tare. Lokacin da na yi wannan lissafin, roba ɗaya ɗari huɗu ce zuwa ɗari biyar. In kullum ne, wajen dubu goma sha biyar ke nan a wata. Da kuɗin roba ɗaya za ka ci ƙosai ko gyaɗa ko dafaffen ƙwai ka bi da ruwan leda, kuma ya fi riƙe ciki. Garin nan na masa ne, jama'a. Mutum yana Bauchi yana cin abincin rana da gas.

Kada kuma masu zoɓo su yi murna, don ku ne na gaba. Abin takaicin ma ya fi yawa a nan. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka ba mutane masu ɗan hawan jini ruwan zoɓo kofi uku kullum har mako shida. Lambar sama ta sauko musu da kimanin 7, waɗanda aka ba na bogi kuma ba ta kai 2 ba. Zoɓon nan dai da ake aunawa da kwano a Muda Lawal da Wunti. Allah ya ba mu abu mai sauke jini a bayan gida, mu kuma muka zuba masa sukari gwangwani-gwangwani da kalar leda da filebo har ya koma ɗan'uwan abin da muke gudu. Haka kunun aya, haka kunun zaƙi, haka tsamiya, haka fura da yogot ta zamani. In mai sayarwa ta rage sukari, mu ne za mu ce kayanta ba daɗi, mu koma wajen maƙwabciyarta. Laifin ba nata ba ne, harshenmu take bi. Ga mai shan maganin hawan jini ko mai juna biyu, a tambayi likita kafin a mayar da zoɓo abin sha na kullum, kar a ce ni na ce.

Sai malt. Wa ya fara gaya mana malt da madara yana ƙara jini? Duk wanda ya ba da jini a asibiti, malt. Mai jego, malt. Tsoho yana kwance da hawan jini da ciwon suga, 'yan dubiya sun jera masa katan a ƙarƙashin gado. Juya gwangwanin ka karanta sukarin da ke ciki, ba shi da nisa da na lemo. Ƙarancin jini da wake da hanta da ganye ake gyara shi, ko maganin da likita ya rubuta.

Azumi kuwa ba a magana. Mutum ya wuni bai sa komai a ciki ba, ana kiran magariba abin da zai fara sauka shi ne lemo mai ƙanƙara, ya bi da zoɓo, ya bi da kunu, a dawo daga tarawihi a sake buɗe wani. Watan da ya kamata jiki ya huta shi ne watan da masu firji suka fi ciniki.

Gwamnati ta taɓa yin kamar za ta yi wani abu. Dokar Kuɗi ta 2021, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen Disambar shekarar, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Naira 10 a lita. Wato naira 5 a roba guda. Ko canjin ma babu mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga mutane sun rage sha sosai. Meziko ta fara nata a 2014, Afirka ta Kudu da Birtaniya a 2018. Na Birtaniya ya fi burge ni, don gwargwadon sukarin da ke cikin lemonka gwargwadon abin da za ka biya, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu tun kafin dokar ta fara aiki. A nan kuwa ko an ƙara harajin, ni ban ga ɗalibin da zai jira Abuja ta gyara masa jini ba.

Don haka maganata da mu ce. Ku shugabannin ƙungiyoyi, na jiha da na dipatmen da na addini, kuɗin da muke biya ne kuke sayen kiret da shi. Me zai faru in an raba ruwa da dabino ko ayaba a taro ɗaya? Za a yi gunaguni, na sani, a ce exco sun cinye kuɗin. Ku nuna rasit, ku sayi na'urar awon jini guda ɗaya da ragowar ku ajiye a sakatariya. Taro biyu kawai ya isa ya biya ta. Ku 'yan'uwa mata, in ya zo zance ki ba shi ruwa mai sanyi, in ya yi fushi saboda lemo kin gano wani abu game da shi da wuri. Ku samari, ledar da kuke kaiwa hostel ɗin mata ba dole sai ta yi nauyin kwalba ba, ga kankana ga lemon ɓawo a bakin get. Kuma duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da hawan jini, ya je a auna shi cikin makon nan, ba sai ya ji wani abu ba. Kemis da yawa suna yi da kuɗi kaɗan, minti biyu ne. In ka ga 140 a sama ko 90 a ƙasa, kuma aka sake a wata rana aka ga haka, asibiti za ka nufa, ba wajen mai tafarnuwa a lasifika ba.

Ban ce kowa ya rantse ba zai sake shan lemo ba. Ni kaina ranar bikin yayata na sha, kuma ya yi mini daɗi. Abin da na daina shi ne na kullum. Makon farko na sha wahala, bakina kamar an wanke shi da toka, shayi da sukari cokali ɗaya kamar ruwan wanki. A mako na uku harshena ya dawo, har na gane ashe madara tana da zaƙin kanta.

Abokina yana shan ƙwayar da likita ya ba shi kowace safiya, ya bar lemon kuzari gaba ɗaya, ya rage taliyar dare, muna zagaya fili bayan asuba sau huɗu a mako. Jiya mun auna, 131 da 84. Likita ya ce kada ya kuskura ya daina maganin don ya ga lamba ta sauko. Mun haɗa kuɗi mu huɗu mun sayi na'urar, tana ɗakinmu. Duk wanda yake kusa da Yelwa yana so a auna shi, ya yi mini magana ta inbox, bayan la'asar muna nan. Kada ka sha shayi ko lemon kuzari aƙalla rabin awa kafin ka zo, kuma ka taho da riga mai faɗin hannu.